Wa ya goge bidiyon tasha?

Ɗan Tsafe:
Assalamu alaikum. Shugaba, don Allah wa ya goge bidiyon da na saka jiya da daddare? Da wayata na ɗauka a tasha, ba turo min aka yi ba. An ciro kwalaye a ƙarƙashin buhunan albasa, an ce ƙwaya ce, an ɗaure mutum biyu a gaban kowa. Kullum a zauren nan kuka muke yi ba a kama diloli, ranar da aka kama na kawo muku shaida kuma sai a share?

Baban Walida:
Wa alaikumus salam. Ni na goge, kuma na kira ka sau biyu ba ka ɗaga ba. Kamen ba shi ya dame ni ba. Ka koma ka kalli bidiyonka daga tsakiya. Akwai wani mai koɗaɗɗiyar shadda a tsaye kusa da teburin mai shayi, ka jawo fuskarsa har ta cika waya, kuma ga muryarka kana cewa "ashe wannan ma nasu ne, kullum a nan yake kwana". To in gaskiya ka faɗa cewa jami'in tsaro ne a ɓoye, ka tona shi. In kuma kuskure ka yi, ka ɗora wa bawan Allah abin da zai iya cin ransa. Zauren nan ba duka muka san juna ba, lambobi da yawa ban san fuskar masu su ba.

Ɗan Tsafe:
Amma Shugaba a fili aka yi abin. Mutum fiye da ɗari sun gani.

Baban Walida:
Sun ga kame. Ba su ga abin da ka nuna musu da yatsa ba.

Kawu Mai Ritaya:
Salamu alaikum jama'a. Ɗana Ɗan Tsafe, zauna in ba ka abin da ka rasa. Shekara 35 na yi ina aikin ɗamara kafin in aje, kuma kusan goma daga ciki ɗan sandan ciki nike, kakina na cikin akwati asu na cin shi. Abin da anka fara koya muna shi ne wanda ya yi shigar burtu ba shi ke harbin ba. Maharbi in ya ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe, tsuntsaye na ganin ɗan uwansu. Ranar da ya miƙe tsaye gabansu, wannan dajin ya ƙare mai, sai ya nemi wani. Mu ma haka. Wanda ya zauna cikin mutane wata biyu wata uku yana shan shayi da su, ranar samame ko dai ya ɓace tun da sauran lokaci, ko a haɗa da shi a tura mota a mare shi kamar kowa. Ni nan an taɓa sheƙa min mari a gaban mutanen da nike bi, kuma yaron da ya mare ni ƙaramina ne a wurin aiki, bai ma san ni ba. Kunnena ya kwana uku yana ƙara. Wannan marin shi ya cece ni.

To in mutumin da ka ɗauka nasu ne da gaske, kuma ya tsaya wurin har anka gane shi, su ma sun yi sakaci. Amma sakacinsu mutum ɗari sunka gani, rabinsu ba su lura ba. Naka kuwa ya shiga waya.

Direban Ƙaura:
Kawu Allah ya ƙara lafiya. Ni dai ina da magana, kuma kada a ce ina goyon bayan 'yan ƙwaya. Ana ta zancen tsaron lafiyarsu, mu wa zai tsare tamu? Bara na ɗauko fasinja daga Gusau zan je Ƙaura, bayan la'asar, sai ga mutum huɗu sun fito daga gefen hanya da bindigogi, babu kaki, babu mota mai tambari, ɗaya ma rawani ya naɗa ya rufe baki. A Zamfara fa. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Mata suka fara salati, wani yaro a baya ya buɗe ƙofa ya faɗa mota tana tafiya, ya karya hannu. Ashe wai bincike suke yi. Har yau ban san na wace hukuma ba ne, ba su faɗa ba, ni ma bakina bai iya tambaya ba. Da na taka mota na bi ta kansu fa? Wallahi saura kaɗan. Da yanzu ana cewa direba ya kashe jami'ai.

Kawu Mai Ritaya:
Maganarka dutse ce. Wanga ba aikin sirri ba ne, wauta ce. Mai tare hanya da bindiga dole a san shi daga nesa: kaki, mota, shinge. Mai farin kaya aikinshi ido da kunne. Duk wanda ya haɗa biyun a ƙasa irin tamu yana neman a kashe shi ne, ko direba ya take shi, ko 'yan sa-kai su buɗe mai wuta, ko ma wasu jami'an da ba su san da fitarshi ba. Sau nawa anka yi arangama tsakanin jami'ai da jami'ai don kowa ya ɓoye ma ɗan uwanshi?

Injiniya daga Abuja:
Wannan wurin na ƙarshe shi ne mai wuyar. In ka sanar da sauran hukumomi za ka fita, ka tsira daga harbin kuskure, amma ka ƙara yawan bakunan da suka sani. In ka ɓoye, ka toshe tsegumi, amma ka fita ba wanda ya san kai ne. Akwai labarin da duk mai wannan aikin a duniya ya sani. Enrique Camarena, jami'in hukumar yaƙi da ƙwaya ta Amurka, yana aiki a birnin Guadalajara na ƙasar Meziko. A ƙarshen 1984 sojojin ƙasar suka lalata wata ƙatuwar gonar wiwi a jihar Chihuahua, dilolin suka yi asarar da ba su taɓa yin irinta ba, suka ɗora laifin a kansa. Ranar 7 ga Fabrairu 1985 aka sace shi da rana tsaka, ya fito daga ofishin jakadancinsu zai je cin abinci da matarsa. Sai a watan Maris aka tsinci gawarsa, an azabtar da shi. Binciken da ya biyo baya ya nuna da hannun wasu jami'an tsaron ƙasar a ciki. Amurka ce fa, da kuɗinta da kayan aikinta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ɗan Tsafe:
To kun gani. Matsalar daga cikinsu take, ba daga wayata ba.

Injiniya daga Abuja:
Don bango ya tsage a gabas ba sai kai ma ka kawo diga ka fasa yamma ba, ƙanena.

Maman Sadik:
Salamu alaikum. Ban cika magana a nan ba, karatu nake yi kawai, amma yau na kasa haƙuri. Maigidana yana ɗaya daga cikin hukumomin tsaro, ba zan faɗi wacce ba, kuma ba a garin nan yake aiki ba yanzu. Ɗan Tsafe, kai ƙanena ne, bari in gaya maka yadda muke rayuwa. Kakinsa ban taɓa shanya shi a tsakar gida ba, a ɗaki nake ratayewa ya sha iskar fanka. Yarana sun taso suna cewa babansu hatsi yake saye a ƙauye. Babban da ya kai aji shida ya tsinci katin aikinsa a aljihu, sai da na zaunar da shi na roƙe shi kamar ina roƙon babba. Gidan haya muke, kuma layinmu akwai shagon da kowa ya san abin da ake sayarwa bayan isha'i. Mai shagon yana gaishe ni da ladabi, yana ba yarana alawa. Ranar da ya san gaskiya ban san wace irin gaisuwa zai yi min ba.

Akwai lokacin da aka yi wani kame a wani gari, wani ya saka hoto a Facebook, maigidana yana can baya, rabin fuskarsa kawai. Rabin fuska. Washegari wata maƙwabciya ta shigo da waya tana dariya, "Maman Sadik wannan ba mai hatsinki ba ne?" Na ce kama ce. Na yi dariya da ita har da tafawa. Da ta fita sai da na yi amai. Cikin wata guda muka tashi daga unguwar, ga kuɗin haya na wata bakwai da muka bari.

Ba na ce kada a faɗi labari ba. Amma ku sani kowace fuska tana da gida.

Baban Walida:
Allah ya tsare mana shi Hajiya, ya dawo miki da shi lafiya.

Ɗan Tsafe:
Amin. Yaya ki yi haƙuri, wallahi ban kawo wannan a raina ba.

Barista 'Yar Mafara:
Maman Sadik ta taɓo batun muhalli, kuma ita kanta hukumar yaƙi da ƙwaya ta ƙasa, NDLEA, ta san da shi. An kafa ta da doka ta 48 ta 1989, amma sai a 2025 aka buɗe barikinta na farko, a Yola. Shugabanta Janar Buba Marwa, wanda ya karɓi hukumar a Janairun 2021, ya sha faɗin cewa jami'ansa suna haya a tsakiyar mutanen da suke farauta. Ku lissafa, sama da shekara 30 kenan. Sai dai bariki maganin mai kaki ne da iyalinsa. Mai shigar burtu in aka gan shi yana fitowa daga ƙofar bariki da safe, aiki ya ƙare.

Inda ni na fi gani a aikina shi ne kotu. Laifin ƙwaya Babbar Kotun Tarayya ke saurarensa. Kuma sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma damar yi wa shaidun masu gabatar da ƙara tambayoyi. To in hujjar ita ce wani jami'i ya je a matsayin mai saye ya miƙa kuɗi ya karɓi kaya, wa zai zo ya faɗi haka a gaban alƙali? Shi ɗin. Ya tsaya a akwatin shaida, ya faɗi sunansa da muƙaminsa, 'yan uwan wanda ake tuhuma suna zaune a benci suna haddace fuskarsa. Sashe na 232 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ba alƙali damar sakaya shaida, a sa masa labule ko a rufe fuskarsa, ko a ji shi ta bidiyo, ko a ba shi wani suna. Amma laifukan da sashen ya ambata da suna irin su ta'addanci ne da safarar mutane da laifukan kuɗi. Shi ya sa mai bincike mai hankali yake gina shari'arsa a kan kayan da aka kama da sakamakon gwajinsu da shaidar masu kaki, don kada a buƙaci fito da na ɓoyen.

Malam na Tudun Wada:
Barista Allah ya saka da alheri. Wani ɗalibi ya taɓa tambayata ko wannan aikin bai shiga cikin hanin da ke Suratul Hujurat ba, inda aka hana bin diddigin asirin mutane. Na ce masa hanin yana kan tonon aibin da mutum ya rufe tsakaninsa da Ubangijinsa. Wanda ya buɗe kasuwar guba ga 'ya'yan jama'a ba asirinsa yake rufewa ba. Kuma aikin yana da asali a tarihi. A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, cikin dare mai sanyi da iska, Manzon Allah (SAW) ya aiki Huzaifa ɗan Yaman ya shiga sansanin abokan gaba ya jiyo labari, ya kuma gargaɗe shi kada ya tayar da komai har ya dawo. Yana zaune a cikinsu Abu Sufyan ya ce kowa ya duba wanda ke kusa da shi. Huzaifa ya riga na gefensa, ya kama hannunsa ya ce wane ne kai? Sannan ya ga Abu Sufyan a fili, kibiya za ta same shi, amma ya tuna umarnin da aka ba shi ya mayar da ita. Kawu, ka ga maganarka ce: wanda aka aika ya gano ba shi ke harbi ba.

Ɗan Tsafe kuma, ka duba aya ta 83 a Suratun Nisa'i, inda aka zargi waɗanda in labarin aminci ko na tsoro ya zo musu sai su watsa shi, maimakon su mayar da shi ga masu iya tantancewa. Lokacin babu waya ma.

Kawu Mai Ritaya:
Allah shi gafarta Malam, ka tuna min abu. Dabarar Huzaifa ta riga tambaya, har yau ita ce. Amma ga wahalar da muke da ita nan yamma wadda na Kano ba su gane ba. In anka turo baƙo, da ya buɗe baki an san shi. Mutum ya shiga kasuwar Shinkafi ko Mafara yana "mene ne, yaya ne", alhali kowa na "mi ne ne", ai ya rataya ma kanshi allo. In kuma anka sa ɗan gari, harshe ya zauna, amma an san ubanshi, an san gidan da ya yi aure, an san makarantar allon da ya yi. Da ɗan gari akan ci gari, gaskiya ne, amma ɗan gari shi ke da abin da za a ƙone. Mu dai abin da munka fi yi shi ne a kawo mutum daga Sakkwato ko Kabi, harshe ɗaya, dangi nesa, kuma kada ya daɗe. Daɗewa ita ke kashe mutum. Sabo na sa ka saki jiki, wata rana ka amsa waya da "ranka ya daɗe" a inda bai kamata ba. Wani kuma zama da mashaya ke ja nai, yau ya taɓa don kada a zarge shi, gobe ya taɓa don yana so. Na san wanda ya tafi kama masu ƙwaya ya ƙare a asibitin masu taɓin hankali. Ba wanda ke zancen wannan, sai zancen bindiga.

Mai Kemis na Sabon Gari:
Ni kuma bari in kawo kukan waɗanda ba su da kaki ko a akwati. Jami'i in abu ya ɓaci ana iya ɗauke shi a mayar Legas ko Jos. Mai shagon da ya tsegunta fa? Shagonsa ba ya tashi. Tun da gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, kasuwar ta koma ƙarƙashin ƙasa, ba ta mutu ba. Tiramol da doka ta yarda da shi mai miligiram 50 ne da mai 100, da takardar likita. Wanda yaran nan ke nema mai 200 ne da 225, kuma ba ta hannun masu lasisi yake shigowa ba. Kullum sai an zo min. Wani yaro ne ido ya yi ja, wani kuma dattijo ne tsaf da shi yana tambayar kwali nawa zan iya samo masa. Ban san wane ne mashayi, wane ne ɗan aiken daji, wane ne jami'in da ke gwada ni ba. Amsata ɗaya ce ga kowa, babu. To ranar da aka kama wani a layinmu, da dare aka jefo min dutse a rufin shago, wai ni ne ba na sayarwa don haka ni na kai rahoto. Wallahi ban kai ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, ni kuwa ko ratayar ban yi ba.

Direban Ƙaura:
Haka muke a tasha. Kaya ya zo a ɗaure, an ce maganin sauro ne ko taliya, ka ɗauka a kama ka, ka ƙi ɗauka a ce kai ne infoma.

Baban Walida:
Kalmar nan ta infoma ma ita ce bala'in. A Zamfara yanzu tana da kaifi biyu. Mutanen gari in suka ce infoma suna nufin mai kai wa 'yan bindiga labari, kuma mun san abin da ake yi wa wanda aka laƙa wa ita, sau da yawa kafin a yi bincike. Mutanen daji kuma infoma a wurinsu mai kai wa hukuma ne. Baƙon da yake yawan zama a tasha, ba a san sana'arsa ba, yana yawan tambaya, kowane ɓangare zai iya karanta shi yadda ya ga dama. Kuma kowa ya san ƙwayar nan ba a cikin gari take tsayawa ba, hanyar da fetur da burodi ke bi su shiga daji ita take bi. Wanda ya tare ta ba dilan unguwa kaɗai ya taɓa ba.

Kawu Mai Ritaya:
Shi ya sa nike cewa kada a tura mutum inda ba a iya ɗauko shi. Mu a zamaninmu ba waya, sai alama: in ka ga na cire hula na riƙe a hannu, ku taho. Kuma akwai lokaci, in awa kaza ta wuce ban fito ba, kada a jira. Yanzu yara sun dogara ga waya. Ku tuna watan Satumba na 2021 da anka rufe layukan waya a jihar ga baki ɗaya, anka rufe kasuwannin mako, anka hana sayar da mai a jarka. Har Gusau sai da mutane sunka riƙa tafiya Funtuwa don su buga waya. Yau ma akwai wurare hanyar Dansadau da ba ka samun layi. Wanda ke can ciki, wa zai kira? In shugabanshi bai tanadi wata hanya ba tun kafin ya fita, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Tsafe:
Na ji duka, kuma na karɓi laifina a kan fuskar mutumin. Amma ku bar ni in faɗi nawa. In muka ce kowa ya mayar da wayarsa aljihu, wa zai sa musu ido? Sirrin nan da kuke karewa shi ne kuma rigar da ɓata-garin cikinsu ke fakewa a ciki. Mutum ya zo ba kaki ya ce shi jami'i ne, ya tura hannu a aljihunka, ya fito da abin da ba kai ka saka ba, ya ce kawo kuɗi. In ka tambayi katin aiki ya ce aikin sirri yake. Wasu ma ba jami'an ba ne sam, 'yan damfara ne. Bidiyo ne kaɗai makamin talaka. Kwalayen da aka ciro jiya na ƙirga su a bidiyona. In gobe aka sanar da adadin da bai kai ba, wa ke da hujja in ba ni ba?

Barista 'Yar Mafara:
Wannan magana ce ta gaske, kada kowa ya raina ta. Kuma ɗaukar hoton ma ya taɓa kare jami'i mai gaskiya. Ku tuna Fabrairun 2022, ranar 14 ga wata, da NDLEA ta fito ta ce tana neman Mataimakin Kwamishinan 'Yan Sanda Abba Kyari. Abin da hukumar ta bayyana shi ne an tuntuɓi wani jami'inta a kan hodar ibilis da aka kama a Inugu, shi kuma ya kai maganar ga shugabanninsa, suka ce ya bi da su a hakan, aka naɗi haɗuwar, har da kuɗi dala 61,400 da ta ce an miƙa. Kyari ya musanta tuhumar a kotu, kuma ni ba hukunci nake yankewa a nan ba. Abin da nake so ku lura shi ne jami'in bai yi gaban kansa ba. Da ya je shi kaɗai ba da sanin kowa ba, ba a naɗi komai ba, da wa zai bambance shi da mai karɓar rashawa? Izini a rubuce da naɗin abin da ya faru su ne garkuwarsa, daga abokan gaba da kuma daga zargi.

Saboda haka ban ce kada ka ɗauka ba. Ɗauka daban, watsawa daban. Ka ɗauki kwalayen, ka ɗauki motar, ka ɗauki masu kaki. Ka ajiye na asali a wurinka. In ka ga an yi zalunci, kawo wa lauya ko ka kai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da fuskokin da komai. Wanda za ka saka a intanet kuwa ka dusashe fuskar duk wanda ba ya cikin kaki, har da wanda aka kama, don shi ma kotu ba ta same shi da laifi ba tukuna. Kuma ka cire muryarka mai nuna wane nasu ne.

Mai Kemis na Sabon Gari:
Ita kanta hukumar in ta fitar da hotunan kame ai za ka ga jami'an nata da yawa sun rufe fuska. Su da suka san kan abin kenan.

Injiniya daga Abuja:
Kuma aikin ba mai ƙarewa ba ne da za a ce a yi asarar mutum ɗaya ba komai. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwaya a 2018 ya samu mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, miliyan 10.6 daga ciki wiwi. Kasuwa mai wannan girman tana da kuɗin sayen bakin mutane da yawa. Wanda zai iya zama a tasha wata uku bai sayar da kansa ba, ba a samunsa a kan hanya.

Maman Sadik:
Ɗan Tsafe, tambaya ɗaya. Nan kaɗai ka saka?

Ɗan Tsafe:
Gaskiya na saka a Facebook da TikTok ma. Yanzu na sauke duka. Amma na Facebook ɗin an riga an yi ta turawa, na gan shi a wani zauren 'yan tasha da safe.

Kawu Mai Ritaya:
To saukewa ba ta isa ba. Tashi yanzu ka tafi ofishinsu, ka nemi babban da ke wurin, kada ka tsaya ba mai gadi labari. Ka nuna mai bidiyon, ka ce ya fita tun jiya da dare kuma ga inda ya kai. In mutumin nasu ne, su san yadda za su ɗauke shi kafin dare. In ba nasu ba ne, su ma sun san akwai wanda anka jefa cikin hatsari da sunansu.

Ɗan Tsafe:
Kawu in na je ba za su riƙe ni ba?

Barista 'Yar Mafara:
Ina kotu har ƙarfe biyu. Ka jira ni mu je tare, ka zo da wayar, kada ka goge na asalin.

Malam na Tudun Wada:
Duk wanda ke cikin wancan zauren na 'yan tasha ya yi wa shugabansu magana ya sauke, ba sai ya yi dogon bayani ba.

Direban Ƙaura:
Ina ciki, na yi masa magana ya ce zai duba. Yanzu na shigo tashar da lodi. Mai shayin yana nan, na sha ma. Mai koɗaɗɗiyar shaddar dai ban gan shi ba, tabarmarsa tana naɗe a jikin bango. Na so in tambayi mai shayin, sai na ga yara biyu a benci suna kallon waya, na biya kuɗina na taso.